Takardar Rijiya: Inda Aiki Ya Kwana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau wata biyu ke nan da injin rijiyar burtsatsen garinmu ya ƙone. Tanki na nan a sama fayau, faifan sola na shan ƙurar hunturu, gari duka ya koma kan tuƙa-tuƙa guda ɗaya da ke bakin firamare. Wanda ya gina mana rijiyar lokacin neman ƙuri'a ya yi nasa ya wuce, ko wayarsa ba ta shiga. Bayan la'asar aka taru ƙofar Bulama aka yanke abu biyu: a yi karo-karo a gyara, sannan a rubuta takarda yadda kowane gida zai riƙa ba da wani abu duk wata, don kada gobe mu sake zama 'yan kallo. Ni aka ɗora wa rubutun, wai don ina koyar da darasin gwamnati a sakandare. Bulama ya ce, "Malam, ai kai ka san tsarin mulki." Na ce, "Ranka ya daɗe, karanta shi dai na iya." Aka yi dariya, aka ba ni mako uku.

Laraba, 15 ga Janairu

Daftarin farko ya fito, shafi biyu da biro. Kowane gida naira 500 a wata. Masu sana'ar da ke cin ruwa, irin su 'yan bulo da masu awara, naira 1,000. Kwamiti na mutum biyar. A ƙasa na bar fili mai faɗi na sa hannu da dangwale, domin a raina abin mai sauƙi ne: wanda ya dangwala ya ɗaure kansa, shi ke nan.

Da safe a hanyar makaranta na tarar da faɗa a bakin tuƙa-tuƙa. Wani saurayi ya yi cilli da jarkar wata yarinya, yayanta ya taso, kafin ka ce kwabo an fasa bokiti biyu da leɓe ɗaya. Ina shiga aji kuwa darasin ranar na Thomas Hobbes ne, sai ka ce shiri aka yi. Mutumin Ingila ne, ya fitar da littafinsa Leviathan a 1651, bayan yaƙin basasar da ya kai ga fille kan sarkinsu Charles na Ɗaya a 1649. Wanda ya rayu a irin wannan zamani ba ya wasa da zaman lafiya. A ganinsa, inda babu wani iko guda da kowa ke shakka, kowa abokin gabar kowa ne, ba noma ba fatauci, domin wanda ya shuka ba shi da tabbacin shi zai girbe. Mafita ita ce mutane su yi alkawari tsakaninsu su miƙa wuya ga mutum ɗaya ko majalisa ɗaya. Abin da ɗalibaina kan manta a jarrabawa shi ne, shi mai mulkin ba ya cikin masu alkawarin. Tsakanin talakawa aka ƙulla, don haka ba mai bakin ce masa ya saɓa.

Ranar taro akwai wanda ya kawo daidai wannan shawara, ko sunan Hobbes bai taɓa ji ba: a damƙa makulli da kuɗi hannun mutum guda mai ƙarfi, ya yi yadda ya ga dama, in dai ruwa zai zo. Mutane da dama sun gyaɗa kai. Ƙishirwa ce. Amma abin da na gani bayan faɗan na safe ya fi tsaya mini a rai. Wata tsohuwa ta zo da ɗan tulunta, layin nan da ake dambe a kansa ya dare mata, saurayin da ya yi cillin ma shi ya tuƙa mata. Ba Bulama a wurin, ba ɗan sanda. Ashe ba daga takardata doka za ta fara a garin nan ba, na tarar da ita.

Juma'a, 24 ga Janairu

Kwana huɗu ina bi gida-gida bayan magariba da takarda da tawada. Gida 71 suka dangwala cikin 94. Wasu magidantan sun tafi cin rani. Wasu sun ce sai sun ga ruwa tukuna. Mutum ɗaya ne ya zaunar da ni a zaure ya karantar da ni, ƙanen mahaifina, wanda ya haura saba'in.

"Ɗan nan, haraji ka dawo mana da shi da sabon suna?"

"Baffa, ba haraji ba ne, kuɗin gyara ne."

"Wancan ma ai masu karɓarsa ba su taɓa rasa sunan da za su kira shi ba."

Ya ba ni labarin yadda a ƙuruciyarsa magidanci kan sayar da akuya ko damin gero da kaka, lokacin da ba shi da daraja, don kawai ya biya kuɗin kai. Wanda ya gaza a wulaƙanta shi gaban iyalinsa, wani kuma ya tsere ya bar gari sai ƙura ta lafa. Ya ce ranar da labari ya iso cewa gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, muna cikin jihar Kano a lokacin don sai a 1991 aka cire Jigawa, har guɗa aka yi a gidansu. "Tun daga ranar ban sake ba wani mai yawo da takarda kuɗina don tsoro ba. In na bayar, na ga dama ne. Ni ban ce a haƙa rijiyar nan ba, ban sa hannu ba. To da me za ka kama ni?"

Na sha ruwan da aka kawo mini, na yi masa sai da safe.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ba aikin da na yi wa takardar, tambayar Baffa ce ta hana ni sakat. Ita ce kuwa ta dami John Locke, shi ma ɗan Ingila, a littafin da ya fitar a 1689. Shi a wurinsa an haifi kowa da 'yancinsa, ba mai hawa kan wani sai da yardarsa, mulki kuma amana ce da aka ba wa shugaba don ya tsare rai da 'yanci da dukiya. In ya ci amanar, jama'a na da ikon sauke shi. Ko haraji ma, ya ce ba a karɓa sai da yardar mafi rinjaye ko wakilansu. Da Baffa ya ji wannan da ya ce a kawo wa baƙo fura. Matsalar ita ce, wa ya taɓa sa hannu? Sai Locke ya ɓullo ta bayan gida ya ce akwai yardar baki, akwai kuma yarda ta shiru: duk wanda ya mallaki gona a ƙasa, ko ya kama ɗaki na mako guda, ko ma ya bi hanyarta kawai, to ya yarda da dokarta.

Na so in ara wannan in kai wa Baffa, sai na tuna da raddin da David Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya yi a 1748. Ya ce talakan da bai san wani yare ba, ba shi da guzuri, kullum daga hannu sai baka, ta yaya za a ce zamansa a ƙasa yarda ce? Ya kwatanta shi da wanda aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, sannan a ce tun da bai yi tsalle ya faɗa teku ba, ya amince da mulkin mai jirgi. A nan aka yanke wa Baffa cibiya, gonarsa ta gado ce, iyayensa a maƙabartar gabas suke. Ina zai je? In na ce masa zamanka a gari shi ne sa hannunka, na yi masa wayo ne, ban amsa masa ba.

Haka ma wata ɗaliba ta taɓa tsare ni a aji kan kundin tsarin mulkin 1999. Ya buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka zartar wa kanmu, alhali gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa shi da dokar soja mai lamba 24, ba a kai shi ƙuri'ar raba-gardama ba. Sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, tsaronsu da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 24 ya ce ɗan ƙasa ya biya haraji a kan kari. Ta ce, "Malam, to in ba su yi nasu ba, mu sai mu yi namu?" Na ce mata ta karanta sashe na 6, inda aka hana kotu sauraron ƙara a kan irin waɗannan alkawura na babi na biyu. Ba ta gamsu ba, ni ma da na faɗa ban gamsu ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Karo-karo ya cika, 'yan cin rani sun turo nasu ta waya. An sayo sabon inji a Kano, mai gyara ya wuni yana aiki, wajen ƙarfe huɗu ruwa ya hau tanki. Rabin magidanta na kasuwar Maigatari, yara ne suka fara sha. Na tsaya ina ƙirga jarkoki, kuma cikinsu har da shuɗaye guda uku da na sani sarai, na gidan Baffa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na gaya wa Bulama zancen jarkoki uku. Bai ko ɗago daga igiyar da yake tufka ba ya ce, "Ai kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski." Na yi shiru, domin a jimla ɗaya ya faɗi abin da wani malamin shari'a na Ingila, H. L. A. Hart, ya rubuta a 1955: idan mutane suka haɗu a kan wani aiki bisa ƙa'ida, kowa ya takura kansa, to wanda ya ci moriyar takurar tasu shi ma ta hau kansa ya ɗauki nasa kason. Ba sai ya yi alkawari ba. Bashin ba na Bulama ba ne, ba na kwamiti ba, na maƙwabcin da ya hana kansa ya biya ne. Aikin gayya ma a kan wannan yake tsaye: an yi maka noma jiya, ba wanda ya ba ka takarda, amma ka ƙi fita na wani ka gani.

Sai dai akwai wanda ya ƙi wannan. Robert Nozick na Amurka, a 1974, ya kawo misalin unguwar da aka kafa lasifika, aka raba wa kowa ranar da zai nishaɗantar da jama'a. Ya ce don kawai ka buɗe taga ka ji daɗin shirin wasu, ba a isa a ce dole ka ba da taka ranar ba, tun da ba kai ka nema ba. Yana da gaskiya ta wani gefe. Ba a cusa wa mutum alheri sannan a miƙo masa lissafi. Amma sautin lasifika shi ke iske ka a ɗaki, ruwan rijiya kuwa kai ke aika yaro da jarka. Wannan bambancin shi na rubuta. Na soke "duk wanda ya sa hannu", na mai da shi "duk gidan da ke ɗiba a kai a kai". Filin dangwale ya koma na shaida kawai.

Da yamma Ardon rugar da ke arewa da gari ya zo da kansa, ya ji ana zancen kwamin shayar da dabbobi. Bai tambayi nawa za a biya ba. Cewa ya yi, "Malam, in mun biya, ranar da ruwa ya yi ƙaranci wa za a fara korewa?" Ban tanadi wannan ba sam. Na ce, "Baba Ardo, ba za a kori kowa ba." Ya ce, "To rubuta." Ya kuma nemi a sa mutum ɗaya nasu a kwamiti, ya ce kuɗin da ba a zauna da kai aka yanke ba sunansa jangali. Kwamiti ya koma mutum shida. Makiyayan da ke wucewa ta burtali kwana ɗaya biyu, mun bar su a matsayin baƙi, ba a karɓar komai.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na kai wa Liman daftari na uku bayan an sauko. Ya karanta a hankali har ya zo sashe na 7, inda na rubuta cewa gidan da ya yi wata uku bai biya ba za a hana shi ɗiba. Ya ajiye takardar.

"Wannan ba zai wuce ta gabana ba."

"Allah ya gafarta Malam, in ba hukunci ai ba wanda zai biya."

Ya karanto mini hadisin da ke cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, da kuma hanin da aka yi ga hana rarar ruwa. Ya ce abin da muke karɓa kuɗin inji ne da famfo da mai gadi, ba kuɗin ruwa ba, kuma ba za a hukunta jariri da ƙishirwa don ubansa ya yi taurin kai ba. Amma bai sassauta wa masu ƙin biya ba: ya ja ayar farko ta Suratul Ma'ida, wadda ta umarci muminai su cika alkawura, ya ce zai yi huɗuba a kai.

Na dawo gida da sashen da ba shi da haƙora. A nan na ga ashe Hobbes ba wawa ba ne, shi da ya ce alkawarin da ba takobi a bayansa magana ce kawai. Mu kuwa takobin da muke da shi guda ɗaya ne, Liman ya karɓe, kuma ban ga laifinsa ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na shiga gaida Gwaggo, ita ce uwar adashin matan unguwarmu shekara da shekaru. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Kai Malam, an ce ka yanke wa masu awara dubu. Da wa ka yi shawara?" Na ce an yi taro. Ta ce, "Taron ƙofar Bulama? Mace nawa ka gani a wurin?" Ta lissafa mini: mata ne ke sanin jarka nawa gida ke ci, su ke aika yara, kuma a gidaje da yawa daga kuɗin ƙuli da awara da kitso za a cire ɗari biyar ɗin nan, maigida ya dangwala ne kawai.

Jean-Jacques Rousseau, ɗan Janeba, ya rubuta a 1762 cewa doka ba ta zama doka sai jama'a da kansu sun yi ta, kuma mai bin dokar da ya shiga aka yi da shi kansa yake yi wa biyayya. Har ya yi wa mutanen Ingila shaguɓe cewa ranar zaɓe kawai suke da 'yanci, ana gama ƙirga ƙuri'a su koma bayi. Mu da aka gina wa rijiya aka kashe waya mun san wannan karatun. Amma shi ma taron da yake nufi na maza ne. Gwaggo ta wuce shi. Ta ce a adashinta ba takarda, ba ɗan sanda, kuma ba a cin kuɗin kowa, saboda kowace mace ta san ranar kwasarta, ta san nawa ke hannun uwar adashi, wadda ta yi wasa kuma ba mai sake shiga da ita. Mun tsayar cewa za a karanta daftarin a gidan Gwaggo da wasu gidaje uku kafin babban taro. Kuɗin masu awara ya sauko zuwa naira 700 kafin in bar gidan, ban ma san yadda aka yi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya tsayar da komai. An dai karanta wa mata a gida huɗu, ƙanwata ce ta karanta. Sun nemi a riƙa buɗe famfo tun da asuba, sun kuma ce ma'aji ya zama mace. Babban taro sai bayan Sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi taro, zafi kamar ana gasa mutum, amma ƙofar Bulama ta cika. Na karanta sashe-sashe. Da na gama Baffa ya miƙe da sandarsa, gabana ya faɗi.

"Ranka ya daɗe, na ji duk abin da aka ɗora wa mai shan ruwa. Ban ji abin da aka ɗora wa mai riƙe kuɗi ba."

Gaskiya ce, shafi uku na rubuta, layi biyu kacal suka taɓa kwamiti. Liman ya karɓe zancen ya kawo jawabin Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya ce an ɗora shi a kansu ba don ya fi su ba, in ya yi daidai su taimake shi, in ya karkace su miƙar da shi, kuma biyayyarsu gare shi tana nan ne muddin yana yi wa Allah da Manzonsa biyayya. Ni kuma na ƙara da cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Wato zancen sharaɗi a kan mai mulki ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ni ne na je nemansa nesa.

A nan take aka ƙara sashe, aka kuma ce shi za a sa a farko. Duk Juma'ar ƙarshen wata za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci, a kuma karanta a gidan Gwaggo. Watan da ba a karanta ba, ba wanda za a nema da kuɗin wata mai zuwa. Kwamiti shekara ɗaya ne, magidanta ko matan gida 20 na iya kiran taro su sauke shi. Baffa bai dangwala ba. Ya ce yatsansa ya gama shan tawada tun zamanin En'e. Amma ya zaro naira 1,000 ta wata biyu ya ajiye gaban Bulama, ya ce a rubuta cewa shi ya ga dama. Na rubuta haka.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gida 88 ne suka biya na Maris. Cikin shidan da suka rage, huɗu na gajiyayyu ne da aka yafe wa a taro. Ɗaya ya ce sai ya sayar da riɗinsa. Ɗayan kuwa yana da hali, amalankensa kan zo da durom biyu kullum, kuma ya aiko mini cewa ruwa na Allah ne. Tuni maƙwabcinsa ya fara tambayata shi kuma don me zai ci gaba da biya.

Sashe na 7 har yanzu fili ne. Shawara uku ke ƙasa: a riƙa kiran sunan mai bashi ranar karatun lissafi, ko a bar masa jarkar sha a hana durom, ko a ƙi fita masa gayya da damina. Liman ya ce ta biyu zai duba, Gwaggo ta fi son ta farko, Bulama na tsoron ta uku za ta raba zumunci. Kan famfo ɗaya ya fara yoyo, na ba mai zuwa Gumel saƙon roba. Karatun lissafi na farko Juma'a mai zuwa ne, 25 ga wata, kuma rasit ɗin kebur ɗin da aka sayo a Kano bai zo hannuna ba tukuna.